Kiret ɗin roba na tumatir: ya fi kwando, amma da sharaɗi

Tumatirin da aka ɗora a Kwanar Gafan ko Kadawa, a jihar Kano, sai ya ci tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ya sauka a kasuwar Mile 12 ta Legas, kwana biyu ke nan ko uku in hanya ta yi gardama. A wannan tsakanin ne ribar ɗan kasuwa take tsiyayewa ta ƙasan mota.

Laifin kwando a ƙirarsa yake. Babban kwando yana cin kilo 50 ko fiye, gindinsa tsukakke, bakinsa faffaɗa, don haka nauyin duka yana sauka a kan 'ya'yan da ke ƙasa. Tsinkayen saƙar suna soke fatar tumatir, ga shi in an ɗora wani a kan wani, tumatir ne ke ɗaukar tumatir. Ɗaya ya fashe, ruwansa ya jiƙa na kusa, zafi ya ƙarasa aikin.

Kiret ɗin da aka saba gani yana ɗaukar kilo 20 zuwa 25, tsawonsa wajen santimita 60, faɗinsa 40. Cikinsa sumul ne, jikinsa duk huda don iska ta ratsa. Babbar fa'idarsa ita ce bakin na ƙasa ke ɗaukar gindin na sama, kayan da ke ciki ba ruwansu da nauyin.

Sai dai nan ne masu lodi suke ɓata abin. Hannun da ya saba da kwando yana son ya yi tozo, kuma da zarar tumatir ya haura bakin kiret, an koma gidan jiya: na sama zai zauna a kansa ya murƙushe shi. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin kaya da baki. A jera kiret daidai, kusurwa a kan kusurwa, a cike giɓin da ke tsakanin layi da jikin mota, a ɗaure da igiya, domin girgizar ramuka tana goge fatar tumatir ko da bai fashe ba. Kada a lulluɓe da baƙin tamfol a matse ko'ina. Inuwa ake so daga sama, gefe kuma iska. Lodin yamma da tafiyar dare sun fi.

Kiret kuma ba ya gyara abin da aka ɓata tun a gona. Na tafiyar Kudu a tsinke shi da sanyin safiya, lokacin da ya fara sauya launi, kafin ya yi ja jawur. A cire hancinsa, don yana huda maƙwabcinsa, a fitar da mai tsutsa da mai tsaga, a ajiye a inuwa. Irin tumatirin da ake kira UTC, mai tauri, ya fi mai ruwa jure hanya, a kwando ko a kiret. Wanda ya samu mota mai sanyi kada ya sauke ta ƙasa da digiri 12 na ma'aunin Celsius ga ɗanyen tumatir, in ba haka ba zai ƙi nuna da kyau, ya yi tabo-tabo.

Wajen saye a lura da robar. Wanda aka yi da narkakkiyar tsohuwar roba yana da araha, amma rana tana busar da shi, sai marikinsa ya karye. A danna gefensa da hannu: mai kyau yana lanƙwasawa kaɗan ya dawo. A nemi irin wanda in an juya shi yake shigewa cikin ɗan'uwansa, saboda kuɗin dawo da fanko.

Dawowar ita ce babbar damuwa. Kwando ana sayar da shi tare da kayan a manta, kiret kuwa dukiya ce da sai an bi sawunta. Yana ɓata a kasuwa, ana musanya shi da tsohon wani, in ba a wanke shi da ruwa mai ɗan bilic an shanya ba ya kwaso ruɓar jiya ya shafa wa kayan yau. Dillalai ma har yanzu da kwando suke yanke farashi.

Ga mai lodin Legas ko Fatakwal a kai a kai, wanda ke da amintaccen wakili a can, kiret zai biya kuɗinsa. Ya sa wa nasa alama da fenti, ya riƙa ƙirgawa a lodi da sauke. Ƙaramin manomi ya fara da haya ko haɗin gwiwa da 'yan ƙungiyarsa. Mai kai kaya daga Kura zuwa kasuwar 'Yankaba ta birnin Kano, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ƙaramin kwando mai shimfiɗar takarda ya ishe shi.