Tayar ƙasar sanyi a kasuwar Suame Magazine: duba gefenta kafin ka biya

Duk mai zagaya rumfunan tayoyin hannu a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan mota ta Kumasi a Ghana, zai ci karo da wasu masu ɗaukar ido: zanensu mai zurfi, robar da laushi, farashi da sauƙi. Da yawansu sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema ne a ƙafar motocin Kanada da Amurka. A lardin Quebec na Kanada doka ce a sa tayar sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, don haka mota kan iso da su. Bridgestone Blizzak da Michelin X-Ice na cikin waɗanda aka fi gani. Kaya ne masu kyau ƙwarai, a kan ƙanƙara.

An haɗa robarsu ne don ta riƙe laushi idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. Kwaltar Kumasi da rana tsaka kuwa ko tafin hannu ba ya jure ta. Robar sai ta ƙara laushi, zanen ya riƙa lanƙwasa, mota ta yi lilo a kwana, birki ya ja nisa kafin ta tsaya. Kuma tana cinyewa da wuri. Ga direban da ke bin hanyar Techiman zuwa Tamale da kaya da fasinja, wannan haɗari ne na gaske.

Gane ta ba wuya. A gefe akwai hoton dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki. Danna zanen da babban yatsa, za ka ga tsage-tsage sirara birjik suna buɗewa. In kuwa da ƙananan ƙusoshin ƙarfe a jiki, ko ramukan da aka cire su, ajiye ta kawai. Daga nan nemi lambar DOT, jerin lambobin da ke gefen taya bayan haruffan DOT: lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Dokar hanya ta 2012, L.I. 2180, ta hana sa tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa, kuma yawancin waɗannan sun haura.

Wajen ɗaurawa, masu gyaran taya na Magazine sun iya aikinsu, sai dai gaggawa. Tsaya a kansu, Malam. A faka a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja birkin hannu, a tokare taya da katako, a sassauta noti kafin jak ya ɗaga. In tayar na da kibiya, ta kalli gaba. A ɗaure noti ana tsallake ɗaya, kada yaro ya hau kan sifana da ƙafa, nan ne ƙusoshin da noti ke hawa ke tsinkewa. Corolla Nm 103 take so, a ma'aunin ƙarfin ɗaure noti. Iska a bi takardar da ke jikin ƙofar direba, a auna kafin taya ta yi zafi da tafiya, a sake duba notin bayan kilomita 50. Kada a haɗa ta sanyi biyu da ta zafi biyu, riƙonsu ba ɗaya ba ne.

Sarƙar taya da ake tsinta a but ɗin irin waɗannan motoci ta dusar ƙanƙara ce, ba a wuce kilomita 50 a awa da ita. A kan kwalta za ta ci taya, in ta tsinke tana iya fizge bututun man birki. A bar ta a gida.

In motarka da tayar sanyi ta zo, rage gudu, ka canza duka huɗun kafin doguwar tafiya ta farko.