Bel ɗin ɗaure ciki bayan CS, gaskiyar abin da na gani

Wata 3 kenan da aka min CS, wato tiyatar ciro jariri, sai yanzu na samu kaina har na iya zama in rubuta wannan. Bel ɗin tun cikina na wata 8 na siye shi, don mai tallan ta yi ta rantse-rantse wai sati biyu kacal tumbi zai lafe kamar ban taɓa haihuwa ba. Lokacin ko a mafarki ban kawo aiki za a min ba, sai da naƙuda ta tsaya cak bugun zuciyar yaron ya fara sauka, likita ta ce sai tiyata, ban gama kukana ba an min allurar baya ƙafafuna sun mutu murus.

Washegari da aka cire min robar fitsari nas ta zo ta ce maman bebi daure ki tashi ki taka, tafiya da wuri na hana jini daskarewa a ƙafa kuma tana sa iskar ciki ta fita. Wallahi da na yunƙura ji na yi kamar kayan cikina za su zubo ƙasa, na riƙe ƙarfen gado ina salati. Nan na tuna bel ɗin yana jaka, na tambayi likita ta ce in sa amma a kan riga mai laushi, kuma kar in tamke har numfashi ya gagare ni.

To a nan kam ya biya kuɗinsa. Tari, atishawa, dariya, duk wadda aka yanka ta san azabarsu, amma in yana jikina sai in ji kamar wani ne ya tallafe min wurin da hannu biyu. Jariri kuma ba ruwansa da ɗinkinki, sau 8 zuwa 12 yake neman nono a kwana ɗaya, nawa ma ina jin ya fi haka, kowane tashi sai na mirgina gefe in sauke ƙafafu in dogara da gwiwar hannu kafin in miƙe. Da bel ɗin abin ya zo da sauƙi sosai a sati biyun farko. Ciwon marar nan dai da ke murɗawa in yaro ya kama nono bai hana shi ba, wannan mahaifa ce ke tsukewa.

Matsalolinsa kuwa, in na zauna shayarwa sai ya nannaɗe ya hau sama, bakinsa na ƙasa kuma ya dinga gogar ɗinkin. Ga zafi, gumi ya taru har ƙuraje suka feso min, wata rana na ga gefen ɗinkin ya yi ja na tsorata muka koma asibiti, Allah Ya taimaka ba ruwa ba mugunya ba zazzaɓi, aka ce in dinga cire shi wurin na shan iska ya bushe. Sai maƙalinsa mai ƙara kyaaat, ƙarfe 3 na dare na sha wahala na lallaɓa yaro ya yi barci, ina ɓalle shi ya farka, ranar har hawaye na yi.

Maganar lafe tumbi kuma labari ne kawai. Mahaifa da kanta take komawa girmanta cikin kamar sati 6, bel ba ya narkar da kitse, ina cire shi ɗan tudun nan na saman ɗinki yana nan yana kallona. A sati na 5 na ajiye shi.

In da zan sake siya zan ɗauki mai falle ɗaya mai laushi, ba mai hawa uku irin nawa ba, kuma a awon cikin mai jego, don ni da awon da nake kafin ciki na siya, da ƙyar ya haɗu.