Gargaɗi: Masu sayar da sabon tokin na neman katin NIN da hoton fuskarku, kada ku bayar

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina ganin yadda masu sayar da sabon tokin, wato sabon kuɗin intanet na kirifto, ke karɓar katunan mutane da hotunansu ina kawar da kai, domin duk wanda ka taɓa wa maganar kirifto sai ya ce kai ɗan baƙin ciki ne, ko kuma ba ka waye ba. To yanzu abin ya shigo har cikin gidanmu, kuma da hannuna a ciki, don haka zan faɗa, wanda zai ji ya ji.

Ƙanena yana sayar da kayan waya a bakin kasuwa, caja da iyafis da gilashin fuskar waya. Lokacin da guguwar mainin, wato tara tokin ta hanyar danna wasanni a waya, ta taso a 2024, zamanin Notcoin da Hamster Kombat da TapSwap, har yatsansa sai da ya yi kanta saboda dannan waya. Ya ɗan samu wani abu a ɗaya daga ciki, ba mai yawa ba, amma ya isa ya buɗe masa ciki. Daga nan aka jefa shi wani zaure a Telegram. Wai sabon tokin ne za a fitar, ana sayar da shi da araha ga na farko-farko kafin ya shiga kasuwa, abin da suke kira firisel. Ka sa dala 20, a rubuta maka tokin dubu hamsin, ranar da aka yi listin, wato aka sa shi a kasuwa, ka wayi gari da kuɗin mota. Amma kafin sunanka ya shiga jerin masu rabo, sai ka yi KYC, wato ka tabbatar musu da ko kai wane ne.

Fom ne irin wanda kowa zai iya haɗawa a wayarsa cikin minti biyar. Cikakken suna, ranar haihuwa, sunan mahaifiya, lambar waya, adireshin gida, NIN, BVN. Sai hoton katin ɗan ƙasa gaba da baya. Sai hotonka riƙe da katin kusa da kunci, ɗaya hannun kuma da takarda ka rubuta kwanan wata. Na ƙarshe bidiyo ne: ka kalli dama, ka kalli hagu, ka ƙifta ido, ka buɗe baki.

Ni na riƙe masa wayar. Cikin shago babu haske sosai, muka ɗauka muka tura, ba a yi awa ɗaya ba admin ya dawo da shi, wai rubutun katin bai fito ba. Muka fita waje muka tsaya jikin wani bango mai shuɗin fenti, rana tana dukan fuskarsa yana ƙanƙance ido, ina ce masa ɗaga katin sama kaɗan, yatsanka ya rufe lamba. Muna yi muna dariya. Na ce masa, "Kai dai in ka yi kuɗi kada ka manta mai ɗaukar hoto."

Abin da ya kamata ya farkar da ni tun a ranar shi ne, mutanen nan ba su damu da dala ashirin ɗin ba. Waɗanda suka ce ba su da kuɗi an ce musu ba komai, su cike fom kawai, za a ba su kason kyauta. Wanda ya kawo mutum biyar suka cike, a ƙara masa. Amma hoto in ya ɗan yi dishi-dishi, nan take za a dawo maka da shi. Ɗan kasuwar da bai damu da kuɗinka ba amma ya damu da fitowar lambar katinka, ai ya riga ya gaya maka hajar da ya fito saye.

Bayan 'yan makonni zauren ya ɓace, shafin nasu ya daina buɗewa. Ƙanena ya kaɗa kafaɗa ya ce dala ashirin ce, ya sha asarar da ta fi haka. Muka manta.

Sai bayan watanni aka fara kiransa daga wata manhajar ba da bashi da bai taɓa jin sunanta ba, ana zaginsa wai ya ci kuɗi ya ɓoye. Ya ɗauka kuskuren lamba ne. Ba a daɗe ba ya je cire kuɗi wurin mai POS aka ce asusunsa a kulle yake. A banki aka gaya masa umarni ne daga sama, saboda wani asusu da aka buɗe da sunansa da BVN ɗinsa a wata manhajar ajiyar kuɗi ta waya ya karɓi kuɗin wata baiwar Allah da aka damfara a wata jiha mai nisa, garin da bai taɓa takawa ba. Kuɗin sun shiga, cikin mintuna sun fice. Ita kuma da ta kai ƙara, sunan da aka gani shi ne nasa. Ranar da na raka shi ofishin 'yan sanda, jami'in ya juyo mana da fayil ya ce, "Wannan ba kai ba ne?" Na leƙa. Ga shuɗin bangon nan, ga shi yana ƙanƙance ido, ga katin kusa da kunci. Hoton da na ɗauka da hannuna.

Kuɗin lauya, kuɗin rantsuwa a kotu, zirga-zirga, shago a rufe kwana da kwanaki, duk ba su kai kallon da mutanen layinsu suka riƙa yi masa ciwo ba. Mahaifiyarmu kuwa ba ta san menene tokin ba, ita dai ta ji an ce ɗanta ɗan damfara ne.

Kada wani ya ce wannan tsautsayi ne na mutum ɗaya. Kasuwa ce mai zaman kanta. A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta fito ta ce akwai matasa kimanin 12,000 a faɗin ƙasar nan da sana'arsu ke nan, suna bin mutane suna ba su naira 1,500 zuwa 2,000 su karɓi bayanan NIN da BVN ɗinsu da hoto, sannan su sayar a kan kusan naira 5,000, a buɗe asusu da su a riƙa zuba kuɗin zamba. Dalilin da kasuwar ta yi tsada ma a bayyane yake. Tun ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya wajabta cewa ko ƙaramin asusu na waya sai an haɗa shi da BVN ko NIN. Ɗan damfara ba zai sa nasa ba, dole ya nemo na wani. To mai sayar da tokin na ƙarya ya fi waɗancan matasan wayo: su biya suke yi su karɓa, shi kuwa kai za ka biya shi, ka kuma fita rana ka gyara masa hoton. Bidiyon juya kai da ƙifta ido da suke nema, irin abin da manhajojin kuɗi ke buƙata ne don su tabbatar mutum ne mai rai a gaban kyamara. Ka ga ke nan ka haɗa musu kayan aiki cif.

Yadda aka yi wannan tambaya ta neman kati da hoto ta zama ba ta tayar wa kowa da hankali, tana da tarihi. A 2017, lokacin da sayar da sabbin tokin ya yi tashe a duniya, da yawa ba sa tambayar kowa komai, ka tura kuɗinka a turo maka kayanka. A watan Yulin shekarar hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ce irin waɗannan tokin na iya faɗawa ƙarƙashin dokokinta, a watan Satumba kuma Chaina ta haramta harkar gaba ɗaya. Daga nan masu sayarwa suka fara neman fasfo don su tace 'yan ƙasashen da za su jawo musu rigima. Sannu a hankali mutane suka saba, har aka koma ganin duk wanda ya nemi KYC shi ne na ƙwarai. 'Yan damfara suka samu rigar aro da ta yi musu daidai. Yau a zaurukanmu za ka ji yaro yana cewa, "Wannan na gaskiya ne, ai har KYC suke yi." Wallahi wannan magana ita ce ta fi ba ni tsoro.

Kuma ko an yi sa'a mutanen ba ɓarayi ba ne, tambaya ita ce ina suke ajiye hotunan, wa ke gadinsu, kuma in kamfanin ya mutu, kamar yadda mafi yawansu ke mutuwa, hannun wa za su faɗa? Manyan ma ba su tsira ba. A watan Agustan 2019 wani ya nemi Binance, babbar kasuwar kirifto, ta biya shi bitkoyin 300, yana iƙirarin yana riƙe da hotuna 10,000 na masu hulɗa da ita, aka kuma riƙa watsa hotunan mutane riƙe da fasfo a Telegram. A watan Mayun 2025 Coinbase, wata babbar kasuwar kirifto ta Amurka, ta bayyana cewa an sayi wasu ma'aikatanta masu amsa koken jama'a a ƙasashen waje, suka fitar da bayanan mutum kusan 70,000, har da hotunan katunan shaida, ɓarayin suka nemi dala miliyan 20, kamfanin ya ƙi biya. Fractal ID, wanda aikinsa ke nan tantance mutane a madadin masu fitar da tokin, shi ma an kutsa masa a watan Yulin 2024. Waɗannan masu ofis ne da lauyoyi da injiniyoyi. To ina ga wasu mutum uku da ba ka san sunansu ba, hoton da ke kan shafinsu ma na zanen biri ne?

A Kenya kuwa, a 2023 mutane sun yi dogayen layuka a Nairobi ana ɗaukar hoton ƙwayar idonsu a ba su tokin 25 na Worldcoin, kimanin shilin 7,000 a lokacin. Gwamnati ta dakatar da aikin a watan Agusta, a watan Mayun 2025 kuma Babbar Kotu ta ba da umarnin a goge bayanan. Su ke nan sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Ƙanena wa zai kai ƙara?

Abin da nake so matasanmu su gane shi ne bambancin asarar. Kuɗi in sun tafi ana neman wasu. Lambar sirri in ta fita ana canzawa. Walet, wato ma'ajiyar kirifto, in an gano kalmominsa na sirri goma sha biyu, ka kwashe abin da ya rage ka buɗe sabo (su ma kada ka taɓa rubuta wa kowa su, ko da ya ce shi admin ne). Amma NIN lamba goma sha ɗaya ce da za ta bi ka har kabari, BVN ma ɗaya ake ba mutum, fuska kuwa ba a sake ta. Wanda ya same su yau zai iya amfani da su baɗi, ya sayar wa wani, wancan ma ya sayar.

Ban ce duk inda aka nemi katinka damfara ba ce. Banki na nema, manyan kasuwannin kirifto na nema, doka ce ta sa su. Amma ka duba wa ke nema kuma ta wace hanya. In a cikin hira ta Telegram ko WhatsApp aka ce ka tura, ko a fom na kyauta, ko ta wani linki da aka jefo maka, ka tsaya nan. In ana ƙirga maka awoyi wai za a rufe rajista da ƙarfe goma sha biyun dare, gaggawar tasu ce, ba taka ba. In sun haɗa da BVN, tambayi kanka me mai sayar da tokin zai yi da lambar bankinka, alhali kuɗin da zai karɓa ma ba ta banki za su bi ba. Tun watan Maris na 2025 da aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, harkar kadarorin dijital a Najeriya ta shiga ƙarƙashin hukumar kula da hannun jari ta SEC, kuma tana da jerin waɗanda ta amince da su a shafinta. Dubawa ba ta cin datar naira ɗari. In kuma ya zama dole ka tura kwafin kati ga wani wuri da ka tabbatar da shi, rubuta sunan wurin da kwanan wata a kan hoton ta yadda zai ratsa katin ba tare da ya rufe bayanan ba, don kada ya yi amfani a wani wuri cikin sauƙi.

Iyaye da yayye, ku sa ido a kan katunanku. Yara da yawa in sun gama da nasu sai su koma kan na Baba da na Inna da na matar gida, saboda a ƙara musu kaso. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba sai a wayi gari da asusu uku da sunanta.

Wanda ya riga ya tura, kada ya zauna jiran tsammani. Je bankinka ka sanar a rubuce, ka karɓi shaidar cewa ka sanar. Kai rahoto ga 'yan sanda, ka yi takardar rantsuwa a kotu mai ɗauke da ranar da abin ya faru, ka adana hotunan hirarku da linkin da adireshin walet ɗin da ka tura wa kuɗi kafin su goge. Wannan takarda da mun yi ta da wuri, da rabin wahalarmu ba mu sha ba. Sa wa layin wayarka lambar kulle. Nemi rahoton bashinka daga hukumomin da ke ajiye tarihin masu karɓar rance, irin su CRC da FirstCentral, ka ga ko an ci bashi da sunanka. Za ka iya kai koke ga EFCC da kuma hukumar kare bayanan jama'a ta NDPC, wadda dokar 2023 ta kafa.

Sannan ka shirya wa zagaye na biyu, don suna dawowa. Waɗanda CBEX, manhajar zuba jarin kirifto ta bogi, ta rufta da su a watan Afrilun 2025 sun ga haka: bayan kuɗi sun maƙale, aka ce su ƙara biyan dala 100 ko 200 na tantancewa kafin a sakar musu, wasu kuma suka biya. Ƙanena ma makon jiya saƙo ya shigo masa, da cikakken sunansa har da na mahaifiyarmu. Wai an gano waɗanda suka cuce shi, za a mayar wa kowa da kuɗinsa ninki biyu, abin da ake buƙata kawai ya sabunta KYC ɗinsa da sabon bidiyo, domin tsohon ya kwana biyu. Ya miƙo mini wayar bai ce komai ba, ya juya ya ci gaba da manna wa wani gilashi a waya.