Maganin ƙumar kyanwa a Ingila da na wajenmu

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Inna da yara. Kin ce in aiko da maganin ƙuma saboda kyanwar gida da susa ta ramar. Zan bayar da shi idan na sami mai zuwa Daura, amma ga yadda abin yake a nan.

Maganin ruwa ne a 'yar ƙaramar roba. Ana buɗa gashin ƙeyarta, inda harshenta ba ya kaiwa, a ɗiga a kan fata. Frontline da Advantage wata-wata ake sawa, kuma ana samun su ba tare da takardar likita ba. Bravecto yana kai mako 12, amma sai likitan dabbobi ya rubuta. Kafin ya rubuta sai ya ɗora kyanwar a sikeli, don nauyinta ne ke nuna yawan maganin. A wajenmu likitocin dabbobi sun san aikinsu, sai dai hankalin kowa na kan shanu da tumaki da awaki, maganin da ke shaguna ma nasu ne.

Abin da ya fi damuna shi ne fiya-fiya da Sniper da muke fesawa a ɗaki, har wasu su shafa wa dabba. Don Allah, Yaya, kada a kusanci kyanwa da su. Ita da harshe take wanka, duk abin da ya taɓa gashinta cikinta zai tafi. Haka maganin kaska na karnuka mai sinadarin permethrin: hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, sai ta kama karkarwa da farfaɗiya, sau da yawa ta mutu. A nan da manyan baƙaƙe suke rubuta gargaɗin a jikin kwalin. Farasitamol ma kada a ba ta, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Ƙumar da kike gani a jikinta kaɗan ce. Wajen kashi 95 cikin 100 ƙwai ne da tsutsotsi da ke cikin shimfiɗa da tsagar ƙasa, kuma mace ɗaya tana iya zuba ƙwai 50 a rana. Turawa da injin zuƙe ƙura da wanki a ruwa mai zafin digiri 60 suke fama, ga kafet ko'ina, ga ɗumin hita da ke raya ƙuma har cikin hunturu. Ta wannan fannin kam mun fi su, rana tamu ce. A wanke tsummanta da ruwan zafi, a shanya tabarmi da katifa a tsakar gida, a share lungu-lungu kullum. A haɗa mata da maganin tsutsar ciki, domin idan ta haɗiye ƙuma wajen lasa tana kamuwa da tsila.

Tsada kuwa a nan Ingila sai wanda ya gani. Dabba ba ta da asibitin gwamnati na kyauta, shi ya sa mutane ke yi mata inshora, masu ƙaramin ƙarfi kuma su nufi ƙungiyar agajin dabbobi ta PDSA. Tun 10 ga Yuni 2024 doka ta tilasta a dasa wa kowace kyanwa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin ta cika mako 20, in ba haka ba tara har fam 500.

Allurar haukan kare ce ba sa yi wa kyanwa a nan sai za ta fita ƙasar, don cutar ta ƙare musu tuntuni. Mu a wajenmu cutar tana nan, ga yara suna wasa da kyanwar. Ki sa a kai ta asibitin dabbobi a yi mata, a kuma auna ta ki turo mini nauyin kafin in saya.