Sharhi kan aikin kankaren da aka yi mini a Albukarki: daɓen baya ya yi kyau, na ƙofar gareji ya ɓamɓare

Kamfanin da ya zuba mini kankare a gidana da ke Albukarki, a jihar Nyu Mekziko ta Amurka, ayyuka biyu ya yi mini, kuma da a kan na farko muka rabu, da yau ina cikin masu tura masa jama'a. Ba zan ambaci sunansa ba, amma 'yan'uwanmu da suka fara mallakar gidaje a wannan yanki sun san irin waɗannan ƙananan kamfanoni masu ma'aikata biyar ko shida, sun kuma san yadda farashinsu yake, don haka ba sai na tsaya a kan batun kuɗi ba.

Aikin farko daɓen bayan gida ne, wanda aka yi a watan Oktoba. Da suka fara haƙa sai suka ci karo da farar ƙasar nan mai tauri da ake samu a yankin, wadda diga ba ta iya mata, suka kawo injin fasawa ba tare da sun ƙara mini ko sisi a kan abin da muka yi yarjejeniya ba. Sun shimfiɗa tsakuwa sun danne ta da inji, sun ɗora rodi a kan 'yan ƙafafu don kada ya kwanta a ƙasa, sun zuba kankare mai kaurin inci 4 tun da sassafe, sannan suka fesa masa maganin da ke hana ruwan cikinsa tashi, suka lulluɓe shi da barguna da dare. Washegari aka zo da zarto aka yanka layukan da ake yi domin tsagewa ta bi ta cikinsu, kowane ƙafa 10. Wannan daɓe ya ga sanyi biyu, kuma har yau babu tsaga ko ɗaya a wajen waɗannan layuka.

Wannan ne ya sa ban nemi wani ba lokacin da na tashi sake daɓen da mota ke hawa zuwa gareji. Sai dai an saka aikin ne a watan Afrilu, kuma duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da Afrilu ke nufi. Albukarki na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, a gindin duwatsun Sandiya, ruwan da ake samu a shekara bai kai inci 10 ba, rana tana da zafin duka ko da iska na da sanyi, kuma daga Maris zuwa Mayu busasshiyar iska ce ke tasowa da rana tsaka tana kwasar ƙura. A irin wannan yanayi ruwan da ke saman sabon kankare yana tashi fiye da yadda na ƙasa ke iya tasowa ya maye gurbinsa, fuskar ta bushe ta tsuke alhali cikin yana ɗanye. Babu ɗan kwangilar da ya shekara a nan da zai ce bai san wannan ba.

An gaya mini motar kankare za ta iso da ƙarfe 7 na safe. Ba ta iso ba sai bayan sha ɗaya, lokacin da iska ta riga ta fara kaɗa ledar da aka rufe katako da ita. Shugaban ma'aikatan da ya yi mini aikin farko bai zo ba, an ce yana wani wurin, wani matashi ne ke jagorantar aikin. Na tambaye shi ko ba zai fi kyau a ɗaga zuwa gobe ba, ya ce kankaren da ya riga ya baro masana'anta ba ya komawa, kuma shi ne za a caje kuɗinsa. Da kwaɓin ya fara saukowa suka ga ya yi musu kauri, sai ya sa direba ya ƙara ruwa a cikin tankin, ina tsaye ina jin ƙarar ruwan yana shiga. Kafin su gama baza rabin farko, wajen titi ya yi ɓawo, har idan aka ja katakon daidaitawa sai fuskar ta riƙa yagewa. A nan ne ɗaya daga cikinsu ya ɗauki tiyon da nake ba shuka ruwa, ya toshe bakinsa da yatsa, ya riƙa yayyafa wa daɓen, wani na biye da shi yana shafewa da cokali har wurin ya yi sumul yana ƙyalli. Suka ja masa tsintsiya, suka loda kayansu. Ba su fesa maganin da aka fesa wa na baya ba, ba su rufe shi da komai ba, da na tambaya sai aka ce an mance jarkar a wani aikin, za a kawo gobe.

Da gari ya waye na tarar da gajerun tsagogi a jere, wasu kamar tsawon tafin hannu, wasu sun kai kamu guda, duka a ɓangaren da iska ta fi duka. Na aika hotuna ofis, amsar da na samu ita ce kowane kankare yana tsagewa. Maganar gaskiya ce, shi ya sa ma ake yanka masa layuka, amma ba ita ce amsar abin da na nuna musu ba, domin waɗannan tsagogi sun fito ne tun kafin zarto ya taɓa wurin. Na kira yayana da ya shafe shekaru yana aikin gini a Katsina na kwatanta masa, bai bari na ƙarasa ba ya ce, "Ƙanena, ko mu nan da hunturu ba ma zuba kankare da rana tsaka, kuma in mun zuba, buhunan algarara muke jiƙawa mu shimfiɗa, a yi ta ba shi ruwa har mako. Ruwan da ake ba shi bayan ya kama daban, wanda ake zuba masa yana ɗanye daban, wannan kashe shi yake yi." Na bi shawararsa na lulluɓe daɓen na riƙa jiƙa shi, amma fuskar ta riga ta lalace tun ranar farko.

Ainihin ɓarnar ba ta bayyana ba sai a watan Janairu. A nan da dare sanyi yakan sauka ƙasa da sifili, da rana kuma a narke, haka kusan kullum, kuma ruwan da ya shiga ƙananan ramukan da ke jikin kankare idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Fuskar da aka yayyafa wa ruwa aka shafe ba ta da ƙarfin jure wannan. Bayan dusar ƙanƙara ta farko na fita da shebur, ina turawa ina jin yana kwaso ɓarɓashi, falle-falle masu kaurin farce, tsakuwar ciki ta fito fili. Da na kira, sai aka ce gishirin narkar da ƙanƙara na watsa. Ban watsa gishiri ba, domin su da kansu suka gargaɗe ni a kan haka tun aikin farko. Sai aka koma cewa tayoyin mota ne suka kwaso na titi, alhali wurin da ya fi ɓamɓarewa gefe ne da mota ba ta takawa. Wannan ɗora laifi ya fi ɓarnar kanta ƙona mini rai.

Na nemi takardar da direban motar ya bari, kuma ita ce ta raba gardama. Ta nuna cewa kwaɓin da aka yi oda daidai ne, mai ƙarfin 4,000 a ma'aunin da suke amfani da shi, mai ɗauke da ƙananan kumfan iska da ke kare kankare daga daskarewa, amma a ƙasa an rubuta cewa an ƙara ruwa a wurin aiki bisa umarnin mai karɓa. Mai kamfanin ya zo da kansa, dattijo ne mai natsuwa, ya durƙusa ya ƙwanƙwasa wurin da guduma, ya karanta takardar, bai yi musu ba. Ya ce zai fasa sassa biyun da suka fi lalacewa ya sake zubawa a kan kuɗinsa. Ya kuwa cika alkawari: shugaban ma'aikata na farko ya dawo, aka zuba tun kafin rana ta fito, aka fesa magani, aka rufe. A lokacin na ji zuciyata ta sauka, har na gaya wa wani maƙwabci cewa mutanen kirki ne, tsautsayi ne kawai ya gifta.

Yanzu ba zan iya maimaita wannan maganar ba. Sauran sassan da ba a fasa ba, waɗanda su ma a rana ɗaya aka zuba su kuma tiyo ɗaya ya bi ta kansu, wani ruwan shafe kawai aka yi musu, kuma har yanzu idan na share wurin tsintsiya tana fitowa da farar ƙura. Sabon da tsohon ba su zo launi ɗaya ba, wanda zan iya haƙura da shi. Abin da ba zan haƙura da shi ba shi ne mahaɗarsu ba ta daidaita ba, sabon ya ɗan fi tudu, don haka da ruwan Yuli ya sauko da ƙarfinsa sai ya taru a wurin maimakon ya gangara titi, kuma wannan kwanciyar ruwa ita ce abin da sanyi ke nema. Wajen fasawa kuma sun tsinke siririn bututun da ke kai ruwa ga shukokin gaban gida ba su gaya mini ba, sai da ganye ya fara bushewa na tono na gani. Tun da na yi maganar mahaɗar nan ofis ya daina mayar da kira, saƙo na ƙarshe da na samu yana tuna mini cewa garantin shekara guda ne, kuma daga ranar da aka fara zuba daɓen garejin ake lissafi.

Wanda zai ba su aiki ya sa a rubuta a takardar yarjejeniya sunan wanda zai jagoranci zubin, da cewa ba za a zuba ba idan mota ta makara ko iska ta taso, da cewa ba za a ƙara ruwa ba sai da saninsa, kuma ya ga jarkar maganin da idonsa kafin a fara sauke kwaɓi. Ni dai na rubuta wa mai kamfanin wasiƙa ina neman a gurje mahaɗar kafin Disamba, a kuma fasa ragowar sassan idan suka ɓamɓare a sanyin bana, na haɗa da kwafin takardar direba da hotuna, kuma ban samu amsa ba tukuna.