"Top up": kalmar da ke cin kuɗin baƙo a Ingila

'Yan uwa masu shirin tahowa Ingila karatu ko aiki, akwai kalmar da za ku ji fiye da gaisuwa a makonku na farko, ita ce "top up". Abin da ya fi kusa da ita a Hausa shi ne ciko: abu ya ragu, bai kai ga ƙarewa ba, sai a ƙara masa. Idan tanki ya ƙafe ƙaf aka cika shi, "fill up" suke cewa. Kada kuma ku ɗauke ta kamar gyaran da mai awo ke yi wa mudu. Gyara kyauta ne, wannan kuwa sai an sa hannu a aljihu. Inda take zuwa a ɓagas shi ne idan mai masauki ya ɗaga butar shayi ya ce "top-up?", wato in ƙara maka?

Kalmar tana rabuwa biyu. "Top up the meter" da "top the meter up" duk daidai ne, amma idan "it" ta shigo sai ta zauna a tsakiya: "top it up". "Recharge" ɗin da muka saba da ita a gida kuwa, a nan cajin batir take fara kawo wa mutum a rai.

Inda ta fi cizo shi ne mitar wuta da ta gas. A Kano mutum ya sayi lambobi 20 na KEDCO, ya danna a mita, shi ke nan. A nan tsohuwar mitar wuta ɗan mukullin roba take ci, ta gas kuma kati. Za ka kai shagon da ke da alamar PayPoint ko Payzone, ko gidan waya, gwargwadon kamfaninka, a zuba kuɗin a kai, ka dawo ka zura a mita ka jira ta nuna ya shiga. Sabuwar mita ta manhajar waya ake yi mata, kuɗin ya shiga da kansa. Idan layin sadarwarta ya yanke, sai ka koma irin ta gida, ka danna dogayen lambobin da ke kan rasit da hannunka.

Kuskuren farko na sabon ɗan haya shi ne ɗaukar mukullin da ya tarar a kan mita. Idan wanda ya tashi ya bar bashi, daga kuɗinka za a riƙa cira kaɗan-kaɗan. Ranar da ka tare ka ɗauki hoton fuskar mitar, ka kira kamfanin, su buɗe asusu da sunanka su ba ka sabon mukulli.

Na biyu shi ne kuɗin da suke kira "standing charge", wanda ake cira kullum ko ka kunna ko ba ka kunna ba. Na gas yakan kai wajen kwabo 30 na fam a rana. Mutum ya ga bazara ta yi, ya daina taɓa mitar gas wata huɗu, to bashin fiye da fam 30 ya taru ba tare da wuta ta kama ko sau ɗaya ba. Sanyin Oktoba ya shigo, ya zuba fam 20, ya ga mita ta lashe wani kaso nan take, ya ce an cuce shi. Ba cuta ba ce, tsarin ke nan, kuma a ganina shi ne abu mafi ban haushi a harkar wutarsu. Maganinsa ka riƙa zuba ɗan kaɗan ko da rani. Akwai kuma rancen gaggawa da mita ke bayarwa idan kuɗi ya kusa ƙarewa, ana danna maɓalli a karɓa, amma cikon gaba dole ya biya shi kafin ka ga naka. Abin yabo ɗaya: yawancin kamfanoni ba sa barin wutar lantarki ta yanke da dare ko ƙarshen mako ko ranar hutu, sai gari ya waye an buɗe shaguna.

A Landan kalmar tana nufin zuba kuɗi a katin Oyster na bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tun 2014 direban bas ba ya karɓar tsabar kuɗi, babu kwandasta, babu "Malam, saura naira hamsin, a yi haƙuri". A 2023 kuɗin bas ya koma fam 1.75, kuma duk bas ɗin da ka sake shiga cikin awa ɗaya ba a ƙara cajinka. Idan ta intanet ka yi cikon, ka ba shi kamar rabin awa, sannan ba zai hau katin ba sai ka dangwala shi a kan faifan karanta kati mai launin ruwan ɗorawa yayin tafiya. A jirgi ana dangwalawa a shiga da fita. Wanda ya manta ta fita, kuɗi mafi tsada za a cire masa.

Na waya bai bambanta da saka kati ba. Sai dai ka mai da kuɗin ƙunshin wata da wuri, don kiran gida da zallar kuɗin layi yana zuƙe fam 10 kamar wasa.

Akwai cikon da ba na kuɗi ba, kuma shi ne ke sa mutane kwana cikin sanyi a banza. Tukunyar da ke ɗumama gida, boila, tana da ɗan agogo a gabanta mai nuna ƙarfin ruwan da ke zagaya bututu. Idan ta huce, tsinken ya kamata ya tsaya tsakanin 1 da 1.5. Ya faɗi ƙasa sosai, sai ta ƙi tashi ta nuna wata lamba. Ka kira mai gida, ya ce "just top it up". Abin da yake nufi: kashe ta ta huce, ka duba ƙarƙashinta za ka ga ɗan tiyo mai saƙar ƙarfe, galibi da makunni a kowane baki. Buɗe su a hankali, za ka ji ƙarar ruwa, idonka a kan tsinken. Ya kai 1.5, rufe duka biyun tam. Masu gaggawa kan bar ɗaya a buɗe, tsinke ya haura zuwa 3, ruwa ya fara tsiyaya ta bututun waje. Idan ka zarce kaɗan, sassauta 'yar ƙusar da ke saman ƙarfen ɗumama ɗaki, ka tara tsumma, ruwa ya ɗan fita. Idan kuwa duk mako sai ka yi ciko, akwai inda yake yoyo. Wannan nauyin mai gida ne, kuma buɗe cikin boila aikin mai rajistar Gas Safe, wato mai izinin aikin gas, ne kaɗai bisa doka. Ba a kiran wani ɗan uwa don kawai yana taɓa gyaran famfo.

Mai mota zai ji ta a kan baƙin mai, ruwan lagireto da ruwan wanke gilashi. Na ƙarshen nan da muke rainawa a gida, idan ba ya fesowa mota na iya faɗuwa a gwajin shekara na MOT. Ruwa zalla kuma daskarewa yake yi a hunturu, sai an sa wanda aka haɗa da maganin ƙanƙara.

Har digiri ana yi wa ciko. "Top-up degree" shekara ɗaya ce da mai HND ke yi don takardarsa ta zama cikakken digirin farko. Kafin ka biya kuɗin makarantar, ka aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai takardar sakamakonka ka tambaye su kai tsaye, domin wasu jami'o'in suna karɓar HND ta Najeriya mai kyakkyawan maki zuwa digiri na biyu, musamman ga wanda ya yi shekaru yana aiki a fannin.