Rikoda ko littafi a zauren kotu?

Malama, kin tambaya wanne za ki saya don bin zaman shari'a a kotu, rikoda ko littafin rubutu: ki sayi littafi. Amma ki nemi ɗinkakke mai kaurin bango, wanda in an yagi shafi sai an gane, ki bi shafukan ki sa musu lamba tun kafin zaman farko.

Irinsa nake riƙewa, kuma ya sha fitar da ni kunya. Nakan ja layi a gefen kowane shafi in riƙa sa lokaci da mai magana: alƙali, mai gabatar da ƙara, lauya mai kare wanda ake tuhuma, ko shaida da lambar da kotu ta ba shi a madadin suna. Abin da na kama kalma da kalma nakan ja masa layi a ƙasa, wanda na taƙaita in bar shi haka. Wata rana lauyar waɗanda aka zalunta ta so ta tabbatar ko wani shaida ya faɗi inda aka tsare shi tun kafin a nuna masa taswira, ko sai bayan ya gani. Nan take na buɗo mata shafin, ga lokaci a gefe, kafin ne.

Rikodar kuwa tana nan kwance cikin durowa. Tana ɗaukar murya tas, ba zan ci haƙƙinta ba, sai dai da wuya ta wuce bakin ƙofa. A Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague ba a shiga wurin 'yan kallo da waya ko na'ura, hatta bidiyon da suke sakawa a intanet sai an jinkirta shi minti 30, don a samu damar yanke sunan shaida in ya suɓuce wa wani. A birnin Koblenz na Jamus, shari'ar Anwar Raslan, tsohon jami'in leƙen asirin Siriya, ta fara a Afrilun 2020, ta ƙare da ɗaurin rai da rai a Janairun 2022. Kotun ta ƙi yarda a ɗauki murya, kuma ba ta rubuta zamanta kalma da kalma. Galibin abin da aka sani game da maganganun shaidu, daga rubutun masu sa ido da 'yan jarida ya fito. Amfanin rikoda shi ne hira a wajen kotu, ita ma sai da yardar mai magana.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar biro ko agogo mai ɓoyayyiyar rikoda, masu rantsuwar cewa na'urar bincike ba ta gano shi. In aka kama ki, yana iya zama laifin raina kotu, su kuwa sun riga sun karɓi kuɗinsu. Mafi muni, muryar shaidan da ake ɓoye wa suna na iya fita ta hannunki. Kuɗin da ya rage miki bayan sayen littafin ki sa a ma'ajiyar kwamfuta mai kalmar sirri, ki riƙa ɗaukar hoton shafukan kowace yamma kina kwafe su tun maganar tana kunnenki.